Wane aiki nas za ta iya miƙa wa atenda, kuma yaya za ta bibiye shi?

"Assalamu alaikum, Hajiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban daɗe da karɓar lasisina ba, kuma na samu aiki a wani asibitin kuɗi a Sabon Garin Zariya. Idan ina aikin dare ni kaɗai ce nas a ɗakin kwanciya, sai atenda biyu, dukansu sun girme ni, ɗaya ma ta yi sa'ar mahaifiyata. Na tarar ita take yi wa marasa lafiya allura, take kuma canza ledar ƙarin ruwa tun kafin zuwana, kowa ya saba da haka. Me ya halatta in bar musu, me bai halatta ba? Yaya zan bibiyi aikinsu ba tare da an ce na raina manya ba? Idan wani abu ya faru, wa za a kama?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya sanya albarka a lasisin, ya ba ki ikon sauke nauyinsa. Tambayoyi uku kika dunƙule wuri guda: wane aiki ya dace ki miƙa wa wadda ba ta da lasisi, ta yaya za ki tabbatar an yi shi daidai alhali mai yin sa ta girme ki, sannan a wuyan wa alhaki yake idan aka samu matsala. Zan fara da ta ƙarshe, domin idan kika gane ta sauran biyun za su zo miki da sauƙi.

Alhakin yana wuyan wa?

Aikin jinya a Najeriya yana ƙarƙashin Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wato NMCN, wadda doka mai lamba 89 ta shekarar 1979 ta kafa. Ita take yi wa nas da ungozoma rajista, ita take ba da lasisin da muke sabuntawa lokaci-lokaci, kuma tana da ikon ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'ida har ta kai ga cire sunansa daga rajista. Atenda, wato mai taimaka wa nas a ɗakin kwanciya, ba ta cikin wannan rajista. Haka su ma matasan da ake koya wa aiki a wasu asibitocin kuɗi a sa musu fararen kaya ana ce musu nas, hukumar ba ta san da su a matsayin ma'aikatan jinya ba, komai daɗewarsu a bakin aiki. Kada dai ki haɗa su da ma'aikatan lafiyar al'umma da ake kira CHEW, domin waɗannan sun yi makaranta, suna da hukumarsu da lasisinsu da iyakar aikinsu a rubuce. Akwai masu kafa hujja da tsarin rarraba ayyukan lafiya da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar a 2014, suna cewa ai gwamnati ma ta yarda a sauke aiki zuwa ƙasa. Wannan tsari an gina shi ne a kan ƙara wa ma'aikata masu horo wani horon kafin a ba su sabon aiki, bai ce a miƙa wa atenda sirinji ba.

Saboda haka idan kika ba atenda aiki, nauyin ya rabu amma bai bar wuyanki ba. Ita za a tambaye ta abin da hannunta ya aikata. Mai asibiti za a tambaye shi dalilin da ya sa ya bar ɗaki guda da nas ɗaya. Ke kuma za a tambaye ki abu biyu da babu mai amsa su sai ke: me ya sa kika ga ya dace a miƙa wannan aiki ga wannan mutum a kan wannan mara lafiya, kuma me kika yi don ki tabbatar an yi shi daidai? A cikin ku ukun da kuke ɗakin nan da dare, ke kaɗai ce kike da takardar da za a iya ƙwacewa.

Abin da ake miƙawa da abin da ba a miƙawa

A Amurka, majalisar hukumomin jinya ta jihohinsu ta tsara wannan batu tun a shekarun 1990 cikin sharuɗɗa 5 da ake koyarwa a makarantu: aikin ya zama irin wanda ake miƙawa, yanayin mara lafiya ya dace, mutumin ya iya aikin, umarnin ya fito sarai, sannan a sa ido a kuma duba sakamako. Sharuɗɗan suna da kyau kuma suna aiki a nan Zariya kamar yadda suke aiki a can. Ni dai a aikace na fi taƙaita wa ɗalibaina su da magana ɗaya: ana miƙa aikin hannu, ba a miƙa hukunci. Duba mara lafiya don a gane halin da yake ciki, tsara irin kulawar da yake bukata, fassara abin da aka auna, da yanke shawarar ko magani ya yi aiki ko a kira likita, waɗannan naki ne, ba a ba da aronsu.

Aikin hannu kuwa yana da yawa, kuma atenda nagari sun fi yawancinmu iya shi: wanka, gyaran gado, kai fo da ɗauke shi, juya wanda ba ya iya motsi duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya kama shi, auna fitsari kafin a zubar, ciyar da wanda haɗiyarsa lafiya lau, raka mara lafiya ɗakin hoto ko ɗakin gwaji.

Inda sababbin nas suke tuntuɓe shi ne su ɗauka sunan aiki ne yake nuna ko za a miƙa shi. Ba haka ba ne, halin mara lafiya ne yake nunawa. Ba da kunu aiki ne mai sauƙi, amma ba da kunu ga dattijon da aka kawo jiya da shanyewar ɓarin jiki ba aikin atenda ba ne sai kin gwada haɗiyarsa da kanki, domin kunun yana iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu ki ga zazzaɓi da sarƙewar numfashi. Juya mara lafiya aiki ne na kullum, amma juya matashin da aka ɗauko daga hatsarin mota a hanyar Kano ana zargin ƙashin bayansa ya taɓu yana bukatar mutane da yawa su juya shi gaba ɗaya a miƙe, ke kina riƙe da kai kina ba da umarni. Awon zafin jiki, bugun zuciya da hawan jini ana iya miƙa shi ga atenda da aka koya wa kuma kika ga ta iya, a kan mara lafiyar da jikinsa ya daidaita. Wanda aka fito da shi daga tiyata ɗazu, ko mai jegon da take zubar da jini, ko yaron da yake numfashi sama-sama, ke za ki auna, domin a irin waɗannan hannunki a kan fatarsa yana gaya miki abin da lamba ba za ta faɗa ba.

Umarni shi ne rabin sa ido

Mafi yawan matsalolin da na gani a ɗakunan kwanciya ba daga ganganci suka taso ba, daga umarnin da bai cika ba ne. Nas ta ce, "Iya, ki ɗan duba min mai gado na 6." Iya ta je ta leƙa, ta ga mata tana barci an lulluɓe ta, ta dawo ta ce lafiya lau. Iya ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ce ta yi ta yi.

Ki kwatanta da wannan: "Iya, don Allah mai gado na 6, wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri da yamma. Na auna ta yanzu, zan kuma dawo kanta. Kafin nan ki duba mini ledar fitsarinta ƙarfe 2, ga layin da na ja da biro, idan fitsarin bai kai nan ba ki faɗa mini, kada ki zubar sai na gani. Ki ɗaga zanen ki duba ƙunzugunta. Idan ya jiƙe sharkaf, ko ta ce tana ganin jiri, ko kin taɓa ta kin ji sanyi da gumi, kada ki jira ƙarfe 2, ki kira ni ko me nake yi." A nan kin faɗi wane gado, me za a duba, yaushe, wane abu ne alamar haɗari, da abin da za a yi idan an gan shi. Layin biron nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Babban mutum ya kamata ya fitar da fitsari aƙalla mil 30 a awa, to maimakon ki bar ta da lissafi cikin dare da hasken tocila, sai ki ja layi a inda mil 60 na awa biyu zai tsaya. Atenda da yawa ba su yi nisa a boko ba, amma idonsu yana da kaifi, kuma ba sa manta abin da aka nuna musu da yatsa.

Bayan kin gama, ki nemi ta maimaita miki. Ba sai kin ce "maimaita in ji" kamar malamar firamare ba. Ki ce, "Iya, ƙarfe nawa muka ce ma?" Amsarta za ta nuna miki ko saƙon ya isa. Ki kuma ba ta ƙofar cewa ba ta iya ba. Mutanenmu suna jin nauyin su ce ba su san abu ba, musamman a gaban na ƙasa da su a shekaru, saboda haka duk aikin da ba ki taɓa ganin ta yi ba, ku yi na farko tare.

Gani ya kori ji

Sa ido ba ya nufin ki tsaya a kan mutum kamar mai gadi. Yawansa yana bin nauyin aikin da kuma sanin da kika yi wa mai yin sa. Sabuwar atenda, ko sabon aiki, ko mara lafiya mai rauni, kina kusa. Tsohuwar hannu a kan aikin da kika sha ganin ta yi, ya isa ki duba sakamako. Amma duba sakamakon nan ba ya faɗuwa ko da wane dare ne. Idan an ce an juya Baba mai gado na 2, lokacin zagayenki ki ɗaga bargo ki ga ta wane ɓari yake kwance, ki duba dugadugansa da ƙashin gindin bayansa ko sun yi ja ko sun yi duhu, ki shafa zanen gadon ki ji ko a bushe yake. Wannan ba ya cin minti biyu.

Takardar awo ma tana magana ga wanda ya iya karanta ta. Jikin ɗan Adam ba ya tsayawa a lamba ɗaya. Idan kika ga hawan jini 120 bisa 80 an jera shi tun magariba har asuba, zafin jiki 36.5 sau huɗu, numfashi 20 a kowane layi, to akwai alamar biro ne ya yi awon. Numfashi shi aka fi yi wa haka, domin ƙirga shi yana bukatar a tsaya minti guda cur ana kallon ƙirji, alhali kuwa yana cikin abubuwan da suke fara canzawa idan jiki zai rikice. Na babba yana tsakanin 12 da 20 a minti. Ki ɗauki gado ɗaya ko biyu kowane dare ki sake aunawa da kanki. Idan lambarki ta yi nesa da tata, kada ki fara da zargi. Sau da yawa za ki tarar na'urar ce batirinta ya yi sanyi, ko robar da ake naɗawa a dantse ta yi wa mai jiki ƙanƙanta, ko kuma ba a taɓa koya mata daidai ba.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe da kyau. Atenda za ta kira ki ne gwargwadon yadda kika karɓe ta a kiran da ya gabata. Idan ta taso ki ƙarfe 3 na dare kika je kika tarar ba komai, kika yi tsaki, to ranar da akwai komai za ta tsaya tana shawara da zuciyarta har lokaci ya ƙure. Ki ce mata, "Sannu Iya, gara da kika kira ni." Su ne suka fi kowa daɗewa a gefen gado, su suke jin warin ciwo ya canza lokacin wanka, su suke lura cewa tsohuwa yau ba ta amsa gaisuwa yadda ta saba ba. Wannan labari yana da daraja, kuma ba ya isowa ga nas mai faɗa.

Kula da lafiyarsu ma yana cikin sa idon. Su suke ɗaukar fo, amai da zanen da ya ɓaci da jini. Ki tabbatar akwai safar hannu kuma ana sawa, ana wanke hannu tsakanin gado da gado, ba a mayar wa allura murfi, ba a kuma cusa hannu cikin kwalin allurai. Da damina kwalara tana zagayowa, da rani ga zazzaɓin Lassa, ciwon hanta nau'in B kuwa ba shi da lokaci, kuma yana da allurar rigakafi da ya kamata kowane ma'aikacin ɗaki ya karɓa.

Batun allura da girman Iya

Amsar a nan ba ta da kwana: allura, ƙarin ruwa, ƙarin jini, sa robar fitsari, sa robar hanci da raba magani ba a miƙa su ga wadda ba ta da lasisi. Ba na shakkar cewa hannun Iya, wato atendar nan da ta yi sa'ar mahaifiyarki, ya faɗa. Mai yiwuwa ma ta fi ki saurin samun jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse. Sai dai soka allura shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke cikin ba da magani. Wadda take ba da shi dole ta san dalilinsa, adadinsa bisa nauyin jiki, da abin da zai iya biyo baya. Allurar ɗuwawu da ta kauce daga ɓangaren sama na waje tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa, yaro ya tashi yana jan ƙafa har girmansa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin yana iya rufe wa mutum numfashi cikin mintuna, kuma sai wadda ta gane alamar ta san inda allurar gaggawa ta adirenalin take za ta cece shi. Sinadarin fotasiyam idan aka tura shi kai tsaye a jijiya yana tsayar da zuciya. Ledar ruwa da aka saki tana gudu a jikin jariri ko mai ciwon zuciya tana cika huhu. Mai jijjigar haihuwa da ake yi wa allurar magnesiyam, kafin kowace allura sai an ƙirga numfashinta, an gwada motsin gwiwarta, an duba fitsarinta, idan ɗaya ya gaza a dakata. Ƙarin jini kuwa minti 15 na farko nas ba ta barin gefen gado. Duk wannan hukunci ne, kuma daɗewa a ɗaki ba ta koyar da shi.

Yadda abin ya kai ga haka sananne ne. Nas sun yi ƙaranci, da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya, albashin atenda bai kai na nas ba, mai asibiti kuma yana lissafi. Iya ba ta ƙwaci aikin nan ba, ɗora mata aka yi, wataƙila a daren da babu kowa sai ita. Idan kika riƙe wannan a zuciyarki, harshenki zai yi laushi.

Kada ki karɓe sirinji daga hannunta a gaban marasa lafiya, sai dai idan kin ga cutarwa tana shirin aukuwa a take. Ki same ta ku biyu, bayan kun gaisa kin tambayi mutanen gida, ki ce mata kamar haka: "Iya, kin riga ni ganin wannan aiki, kuma akwai abubuwa da yawa da zan koya a wurinki. Amma maganar allura, sunana ne a takarda. Idan aka samu tsautsayi ni za a tuhuma, ke kuma babu wata takarda da za ta kare ki, kuma ba na so a wulaƙanta ki a kan aikin da ba naki ba. Ki bar mini allura da ruwa, ke ki riƙe mini yaron, ki haska mini, ki nuna mini jijiyar idan kin riga ni gani." Wannan magana gaskiya ce daga farkonta har ƙarshe, shi ya sa take shiga. Kin bar mata girmanta, kin kuma ba ta matsayi a cikin aikin. Za ta iya yin fushi na kwana biyu. Ki ci gaba da gaishe ta da girmamawa, ki riƙa taya ta ɗaga mara lafiya mai nauyi, domin nas da take ganin ta fi ƙarfin ɗaukar fo ba ta samun haɗin kan atenda.

Abu ɗaya kuma babu sassauci a kansa: kada ki sa hannu a kan maganin da ba ke kika ba da ba.

Masu jinya

A asibitocinmu akwai rukuni na uku da littattafan waje ba su cika kula da shi ba, wato 'yan uwan da suke kwana a gefen gado. A gaskiya su suke yin mafi yawan wanka da ciyarwa, musamman mutanen da suka taso daga Giwa, Soba ko Maƙarfi suka tare da tabarma da kwanuka. Su ma mataimaka ne marasa lasisi, kuma ƙa'idar ɗaya ce. Ki zaɓi mutum ɗaya a cikinsu ki yi masa bayani sarai: kada a taɓa maƙunshin ledar ruwa don ta yi saurin ƙarewa, kada a cire robar iska don mara lafiya ya ce ta dame shi, wanda za a shiga da shi tiyata da safe ko ruwa kada a ba shi, kuma ki faɗi dalili, domin mai jinya da ya san dalili ya fi kiyayewa. Idan an kawo rubutu ga wanda aka hana sha, ba sai kin yi musu a kan imaninsu ba, ki roƙe su a shafa masa a jiki har zuwa lokacin da za a ba shi izinin sha. Jiƙo da sauran magungunan gida kuwa ki nemi a nuna miki, ki kuma sanar da likita.

Inda shawarata ta tsaya

Duk abin da na faɗa yana da iyaka idan gadaje suka fi ƙarfin nas ɗaya. Abin da za ki iya shi ne ki matso da mafi tsananin ciwo kusa da teburinki, ki fara da su, ki miƙa duk aikin hannu da ya halatta don ki samu sararin yin naki, kuma ki san lambar likitan da yake kan kira kafin dare ya raba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba lauya ba, don haka idan magana ta kai ga tuhuma ki nemi reshen ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya da ungozoma, wato NANNM, da wanda ya san shari'a. Ki kuma nemi a nuna miki rubutaccen tsarin asibitinku kan aikin atenda. Idan babu shi, wannan ma abin faɗa ne.

Maganar allura kada ta tsaya tsakaninki da Iya, domin a daren da ba ki nan za a koma gidan jiya. Ki kai ta ga shugabar nas ta asibitin, da baki tukuna, sannan a rubuce, ki ajiye kwafi. Ki rubuta kwanan wata, yawan marasa lafiya a ɗaki, yawan ma'aikatan da suke bakin aiki, ayyukan da kika tarar marasa lasisi suna yi, da abin da kike nema, wato ƙarin nas a aikin dare da rubutacciyar iyakar aikin atenda. Ki kauce wa kama sunan Iya a matsayin mai laifi, tsarin kike ƙara. Idan aka saurare ki, alhamdu lillahi. Idan aka ce ki sa hannu ki yi shiru, to Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna ce take yi wa asibitocin kuɗi rajista, hukumarmu ma tana karɓar ƙorafi, kuma ya dace ki fara neman wani wurin aiki tun lasisinki yana hannunki.